Ƙwaƙwalwar Ƙeya da Gigin Tsufa: Gaɓa Ba Suna, Ciwo Sunaye Barkatai

Duk mahaucin da ya taɓa fasa kan rago ko na sa a mahautar Birnin Gwari ya san abin da ke cikin ƙoƙon kai ba curi ɗaya ba ne. Akwai babban curi mai kwane-kwane da ya cika gaba da tsakiya. Can baya kuma, a ƙarƙashinsa, daidai inda ƙeya ta gangara zuwa wuya, akwai wani ɗan curi dabam mai siraran ninki a jere. Tukunya ɗaya ake zuba su, suna ɗaya ake kiran su: ƙwaƙwalwa. Mai farfesu ba ya bukatar fiye da haka. Amma gidan da dattijonsu ya fara tangaɗi in ya miƙe, lissafin buhunan masararsa ya fara kwance masa, bakinsa ya fara furta abin da a da kunya ba ta barin sa, suna bukatar fiye da haka, domin sunan da suka ba abin da ke damun sa shi zai nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Hausa ba ta yi talaucin sunayen kai ba. Muna da goshi da tsakar kai da maɗiga da ƙeya, mun kuma bambanta ɓargon ƙashi da lakar gadon baya. Wannan ɗan curi na baya ne kawai bai samu rabonsa ba. Ita kuwa larurar da ke cin tunanin tsoho, sunayenta sun yi mata yawa: gigin tsufa, ruɗewa, mantuwa, taɓin hankali, wani lokaci har da maita. Binciken likitoci na shekaru 40 ɗin nan ya nuna gaɓar da ba ta da suna da ciwon da sunaye suka yi wa yawa suna da dangantaka. Don haka ya dace a bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, a ga abin da kowanne ya kama da abin da ya saki.

Inda “ƙarama” ta samo asali

Likitoci suna kiran curin serebelum. Kalmar Latin ce, ma’anarta ’yar ƙwaƙwalwa. Larabci ma ƙanƙantawa ya yi: ƙwaƙwalwa mukh, ita kuma mukhaikh. Jamusanci da Faransanci duk hanyar suka bi. Da masu fassara da malaman kimiyya na makarantunmu suka zo, sai suka ce ƙaramar ƙwaƙwalwa, suka wuce.

A kan sikeli sunan bai yi ƙarya ba. Nauyinta a jikin baligi kimanin giram 150 ne, wajen kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa duka. Amma a 2009 masu bincike a ƙasar Barazil, cikinsu har da Suzana Herculano-Houzel, sun ƙirga ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwar ɗan Adam suka samu kimanin biliyan 86, kuma wajen biliyan 69 daga ciki a wannan “ƙarama” suke. Ɓawon babbar ƙwaƙwalwa, wanda kowa ke ɗauka shi ne fadar tunani, biliyan 16 kacal gare shi. A 2020 wasu masanan suka auna ninkinta, suka ga in da za a warware shi a shimfiɗa, faɗinsa zai kai kusan kashi 80 cikin 100 na faɗin ɓawon babbar.

Sunan ya yi wa gaɓar illa a wurin masana kansu. A 1809 Luigi Rolando na Italiya, sannan a 1824 Pierre Flourens na Faransa, sun cire ta a jikin dabbobi da tattabaru, suka ga motsin dabbar ya rikice, Flourens kuma ya nuna ba shanyewa ta yi ba. A 1917 likitan soja Gordon Holmes ya bayyana halin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da harsashi ya sama a ƙeya: layi kamar na mashayi, hannu mai karkarwa, magana mai sarƙewa. Aka yanke hukunci cewa aikinta daidaita motsi ne. Hukuncin gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Suna ya ce ƙarama ce, gwaji ya ce ta tafiya ce, sai aka daɗe ba wanda ya tambaye ta labarin tunani. Sai a 1986 Henrietta Leiner da mijinta Alan Leiner tare da likita Robert Dow suka ta da maganar a Amurka, bisa hujjar cewa sassan serebelum da suka fi bunƙasa a jikin ɗan Adam suna da hanyoyin jijiya zuwa goshin ƙwaƙwalwa, inda ake tsara shawara da magana.

Aikinta awo ne

In ka miƙa hannu za ka ɗauki moɗa, babbar ƙwaƙwalwa ce ta yi niyya. Ta baya ita ke kintata nisa da ƙarfi da lokacin tsayawa, tana gwada abin da aka nufa da abin da ke faruwa, tana gyarawa tun kafin ka farga. In ta samu rauni, hannu ba ya shanyewa, sai dai ya zarce moɗar ko ya kasa kai mata, ya riƙa karkarwa in ya kusa. Likitoci sun ba wannan hali sunan Girkanci, dismetriya, wato saɓanin awo. Matsayin gaɓar kamar na mai awo ne a kasuwar hatsi: ba shi ya noma ba, ba shi zai saya ba, amma in hannunsa ya lalace wata tiyar ta yi tsororuwa wata ta ƙi cika, ciniki duka ya dagule.

Jeremy Schmahmann, likitan jijiya a birnin Boston, shi ya ce awon nan bai tsaya a hannu da ƙafa ba. A 1998, shi da Janet Sherman suka wallafa bayanin marasa lafiya 20 da ciwonsu ya tsaya a serebelum kaɗai. Da yawansu sun kasa tsara aiki daki-daki, sun kasa sauya dabara in ta farko ta ƙi, kalmomi suna maƙale musu, kintacen wuri da siffa ya ragu. Halinsu ma ya sauya: wani ya yi sanyi ƙalau ba ya murna ba ya fushi, wani ya zama marar birki, yana wasan yara, yana faɗar abin da bai dace ba. Abin ya fi tsanani ga waɗanda raunin ya sami ɓangaren baya na gaɓar. Schmahmann ya kira shi saɓanin awo na tunani.

Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin harshensa bai taɓa nisanta tafiyar ƙafa da tafiyar tunani ba. Hankali a wurinmu yana tashi, yana kwanciya, yana gushewa, yana dawowa. Harshe yana tuntuɓe, baki yana suɓuta. Wanda ya zarce iyaka ya wuce gona da iri, mai lura da al’amari yana taka-tsantsan, dattijon kirki mai auna magana ne, yaran zamani kuma in suka ga wanda ɗabi’arsa ta karkace sai su ce ba shi da saiti. Kalmomin da za mu bayyana aikin wannan gaɓa da su suna bakinmu tun tuni. Gaɓar ce ba mu raɗa wa suna ba.

Sunayen ciwon

Gigin tsufa shi ne sunan da ya fi tausayi. Gigi ɗimuwa ce irin ta wanda aka tasa daga barci, shi ya sa muke cewa gigin barci. Sunan yana sa a yi wa tsoho uzuri, a ce, “Ku ƙyale Baba, gigin tsufa ne.” Alherinsa ke nan. Illarsa kuwa ya jingina abin ga tsufa, tsufa kuma ba a kai shi asibiti. Alhali yawancin tsofaffi suna cika kwanakinsu da tunaninsu garau. Binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello suka yi a kan tsofaffi fiye da 300 a Zariya, wanda aka wallafa a 2011, ya samu kusan mutum 3 ne cikin 100 ke da larurar. Wanda aka fara a Ibadan a 1992 tare da masana daga Indianapolis ta Amurka ya samu ɗan sama da 2 cikin 100 a Ibadan. Abin da ke samun mutum 3 ya bar 97 ba ɗabi’ar tsufa ba ne, ciwo ne.

Cutar mantuwa, ko cutar mantau, ita ce kafofin labaran Hausa suka fi amfani da ita. Ta yi ƙoƙari da ta sa kalmar cuta a gaba. Amma ta kama alama ɗaya ta saki saura. Akwai wanda ciwonsa ke farawa da sauyin hali, ko rikicewar lissafi, ko sarƙewar magana, ko sanyin tafiya, yana kuma tuna sunan kowane jikansa. In aka ce wa iyalinsa cutar mantuwa ce, sai su ce, “Ai likita, Baba ba ya mantuwa,” su tafi da shi gida.

Hauka da taɓin hankali su ne masu rauni. Hankali kalma ce da muka aro daga Larabci, kuma a wurinmu ita ce ma’aunin mutuntaka, shi ya sa aka ce hankali ke gani, ido gululu ne. Wanda aka ce hankalinsa ya taɓu an cire shi daga shawara, an kuma shafa wa zuriyarsa tabon da ke bin ’ya’ya mata har wurin neman aure. Tsoron wannan suna ke sa a kulle tsohuwa a ɗaki a ce ba ta jin daɗi.

Mafi muni shi ne maita. Tsohuwar da ta fita da dare ta ɓata, aka tsince ta a ƙofar wani gida tana ambaton sunayen matattu, in aka tsare ta da tambaya za ta amsa duk abin da aka ɗora mata, domin ba ta riƙe tambayar ba balle ta ƙaryata. A arewacin Gana har akwai matsugunan matan da aka kora da wannan zargi, irin na Gambaga. Ga kuma wani abin da ke ƙara rura wutar: masu wannan ciwo sukan fi rikicewa da faɗuwar rana, abin da likitoci suka daɗe da sani. Mu kuwa almuru lokacin iskoki ne a al’adarmu, sai alamar ciwo ta zama hujjar aljanu.

Mun taɓa ganin abin da suna ke yi. Shan inna suna ne da ya ɗora shanyewar ƙafar yaro a kan aljana Inna, kuma ya taimaka wajen karkata iyaye zuwa ga masu magani da iskoki maimakon allurar rigakafi. Mun kuma ga gyara: ƙanjamau suna ne da ke nuna ramar majiyyaci da yatsa, sai ma’aikatan lafiya da gidajen rediyo suka dage da cewa cuta mai karya garkuwar jiki, har kunne ya saba.

Malamanmu suna da kalmomin da suka fi na kasuwa tsafta. Suna cewa arzalul umuri, matakin rayuwa da mutum ke rasa sanin abin da ya sani, wanda aka ambata a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, kuma ana neman tsari daga gare shi a addu’a. Fiƙihu ya raba majanuni da ma’atuhi, wanda fahimtarsa ta ragu ba tare da hauka ba, ya raba su duka da safihi, mai wauta a sarrafa dukiya. Kowanne da hukuncinsa a salla da ciniki da wasiyya. Wannan rabe-raben ya nuna tun da can an gane raguwar tunani hawa-hawa ce, kuma mai ita yana da haƙƙin a tsare masa mutunci da dukiya.

Su ma likitoci sunansu bai tsira ba. Dimenshiya daga Latin take, ma’anarta fita daga hankali. Saboda nauyin irin wannan suna, ƙasar Japan ta sauya nata a hukumance a 2004, daga kalmar da ke ɗauke da ma’anar wauta zuwa wadda ke nufin larurar fahimta. Nijeriya ma ta rayu da dokar mahaukata ta 1958 har zuwa Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Inda gaɓar da ciwon suka haɗu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da wannan larura, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 cutar Alzheimer ce, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. A wannan cuta ɓarnar ba daga ƙeya take farawa ba. Tana farawa ne a babbar ƙwaƙwalwa, musamman sassan da ke ajiye sabon abin da aka gani ko aka ji. Wani furotin mai suna amiloyid yana taruwa, kuma bisa matakai biyar da Dietmar Thal da abokansa suka tsara a 2002, serebelum ce ta ƙarshe da yake isa. An yarda da lafiyarta har ta kai masu ɗaukar hoton amiloyid suna amfani da ita a matsayin ma’aunin da ake gwada sauran sassa da shi.

Hotunan ƙwaƙwalwa na zamani sun gyara wannan fahimta. A 2016 masu bincike a Ostareliya suka nuna cewa a cutar Alzheimer wasu keɓantattun sassa na serebelum suna motsewa, kuma su ne sassan da ke da hanyar jijiya zuwa yankunan babbar ƙwaƙwalwa da cutar ta ci. A wani nau’in dimenshiya da ke fara cin goshi da gefen ƙwaƙwalwa, mai sauya hali kafin ya taɓa tunawa, sassa dabam ne ke motsewa, su ma bisa hanyoyinsu. Wato ciwon hanya yake bi, kuma hanyoyin tunani ta ƙeya suke ratsawa. A wani babban dangi na yankin Antiyokiya a Kolombiya, da ke gadon Alzheimer tun suna ’yan shekara 40 da wani abu, an samu ɓarna bayyananniya a wannan gaɓa. Wasu masana na ganin a farkon ciwo tana ƙara himma ne don ta rufe giɓin da babbar ta bari, sai daga baya ita ma ta gaza.

Akwai darasi na biyu da ya fi kusa da gida. Tafiya da tunani sukan ragu tare. Likita Joe Verghese na New York ya nuna a 2013 cewa tsohon da tafiyarsa ta yi sanyi, yana kuma kukan tunaninsa ya ragu, ya fi sauran haɗarin kamuwa da dimenshiya. Wasu cututtukan kuma da ke haɗa tangaɗi da ruɗewa suna da magani: taruwar ruwa a cikin ƙwaƙwalwa, wadda ke zuwa da jan ƙafa da kasa riƙe fitsari, jinin da ke taruwa sannu a ƙarƙashin ƙoƙon kai makonni bayan faɗuwa, ƙarancin bitamin B12 ko B1, raunin maƙoƙon wuya wajen fitar da sinadarinsa. Duk wanda aka rufe shi da “gigin tsufa” alhali ɗaya daga cikin waɗannan ke damun sa, suna ne ya hana shi waraka.

Abin da ke bugun ƙeya a Birnin Gwari

A ƙasar Birnin Gwari kalmar ƙeya ta ɗauki wani nauyi. Shekara da shekaru labarin da ke fitowa daga dazukan Kamuku da Kuyambana shi ne an tisa ƙeyar mutane zuwa daji. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun ƙasa a 1999, ya zama mafakar ’yan bindiga. Daga harin Dogon Dawa na 2012 zuwa na Gwaska na 2018 da waɗanda suka biyo baya, ƙauyuka da dama sun watse. Wanda ya dawo daga hannun masu garkuwa ana duba raunin da ido ke gani. Dukan gindin bindiga a ƙeya kuwa yakan bar abin da ba ya jini: jiri, layi, saurin fushi, kasa haɗa lissafi. Haka faɗuwa daga babur ba hular kwano, a yankin da babur ne motar kowa. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa raunin kai a 2024 cikin abubuwa 14 da in aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na dimenshiya, tare da hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani, shan taba, yawan giya, kaɗaici da ƙarancin karatu.

Ƙasar zinariya ce kuma. Masu haƙa suna kama zinariya da zaiba, su ƙona ta, su shaƙi tururin, wanda ke jawo karkarwar hannu da raunin tunawa da sauyin hali. A garin Minamata na Japan, inda aka fara gano cutar da gubar zaiba a kifi ta jawo a 1956, serebelum na cikin sassan da suka fi lalacewa a jikin waɗanda suka mutu. Gubar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ta sake ɓulla a 2015 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, inda yara 28 suka rasu. Yaron da ya tsira daga irin wannan guba yakan girma da raunin fahimta.

Sholisho da matasa ke shaƙa yana ɗauke da sinadarin da ke cin wannan gaɓa, har saurayi ɗan shekara 25 ya koma yana tangaɗi da ruɗewa irin na tsoho. Giya ta shekaru tana sa tsakiyarta ta motse. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da taifot kan bar tangaɗi na ɗan lokaci. Wani maganin farfaɗiya mai suna fenitoyin, in ya yi yawa a jini, yakan yi mata illa. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke jiran tsufa.

Sai hawan jini, inda wani sunan namu ke yaudara. Mun kira bugun jini a ƙwaƙwalwa shanyewar ɓarin jiki. Amma in jijiyar da ta toshe ko ta fashe ta ƙeya ce, ba ɓarin da ke shanyewa. Mutum zai ji jiri mai tsanani farat ɗaya, ya yi ta amai, ƙeya ta yi ciwo, ya kasa tsayuwa ko zama ba tallafi, alhali hannu da ƙafa suna motsi. Sai a ce shawara ce ko maleriya, a jiƙa magani. Kumburin da ke biyo baya cikin ’yan kwanaki yana iya danne tushen ƙwaƙwalwa, inda numfashi yake. Wannan larura ce ta a kama hanya nan take, daga asibitin Jibril Mai Gwari zuwa inda ake da na’urar hoton kai, a Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika, tafiyar fiye da kilomita 100.

Gudun hijira ma yana da nasa rabon. Tsoho mai raunin tunani da sabo yake rayuwa: ya san inda randa take, ya san taku nawa ne zuwa masallaci. In aka kwaso shi daga ƙauyen Randagi ko Kakangi ko Kuyello aka ajiye shi a ɗakin haya a cikin gari, abin da ke ɓoye sai ya fito fili. Kullum da yamma ya ɗauki sandarsa ya ce, “Ku kai ni gida.” Surukarsa ta ce, “Baba, ai nan ne gida yanzu,” ya dube ta kamar bai taɓa ganin ta ba. Tun da aka yi sulhu a Nuwamban 2024, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, hanya ta fara samuwa, mutane suna komawa gonakinsu. Lokacin da ake gyara kasuwa da hanya shi ne lokacin duba kawunan da shekarun nan suka taɓa, kuma ba a duba abin da ba a iya faɗar sunansa.

Sunayen da suka dace

Ga gaɓar, ƙwaƙwalwar ƙeya ta fi ƙaramar ƙwaƙwalwa. Tana nuna wuri, ba ta yanke hukunci a kan daraja. Ma’aikacin lafiya zai iya dafa ƙeyarsa ya ce nan take, manomin da bai taɓa shiga aji ba ya gane, ya kuma gane dalilin hular kwano. Mai ilimin jiki zai iya cewa sashen gani na babbar ƙwaƙwalwa ma a baya yake. Haka ne, amma shi yana sama, kuma yanki ne na babbar, ba curi mai zaman kansa ba ne da ke bukatar suna. Ga aikinta, awo ya isa, lalacewarsa kuma saɓanin awo, na jiki ko na tunani.

Ga larurar, kalmar farko dole ta zama ciwo, don ta nuna hanyar asibiti. Ta biyu kada ta zama hankali, don kada a koma gidan hauka. Tunani ya fi dacewa, domin a Hausa ya haɗa biyu: tuna abin da ya wuce, da juya al’amari a zuci kafin a yanke shawara. Wato ya ɗauki mantuwa, ya kuma ɗauki abin da mantuwa ta bari. A tsakaninsu a sa kalmar da ke nuna abu mai tafiya sannu, wanda bai shafe mai shi gaba ɗaya ba. Ciwon dusashewar tunani ya cika waɗannan sharuɗɗa. Yana da ɗan tsawo, amma cuta mai karya garkuwar jiki ta fi shi tsawo, ta kuma zauna.

Mutum ɗaya ba ya raɗa wa harshe suna. Aikin na masana ne irin na Jami’ar Bayero da suka fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, da na sashen harsuna na Zariya, su zauna da likitocin Shika da na asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, sannan Rediyon Tarayya na Kaduna da limaman Juma’a da fadar Mai Gwari su kai sunan kunnen jama’a. Kafin a yi wannan zama, kowane gida yana da abin yi. In an kai tsoho wurin likita, kada a ce ya ruɗe a yi shiru. A faɗi yaushe abin ya fara, farat ɗaya ne ko sannu a hankali. A faɗi yadda tafiyarsa ta koma, ko ya taɓa faɗuwa ko an buge shi a kai, ko yana riƙe fitsari, ko halinsa ne ya fara sauyawa ko tunawarsa, wane magani yake sha, wace sana’a ya yi. Daga waɗannan amsoshi likita ke gane ko ciwon na ƙeya ne ko na goshi, ko mai warkewa ne ko wanda za a rage wa gudu. Wanda ba ya warkewa ma yana da bukata: a kula da hawan jininsa, a gyara masa ji da gani, a kawar da abin tuntuɓe a tsakar gida, a tsare masa dukiya, a ci gaba da kiran sa Baba ana zama da shi a tabarmar shawara gwargwadon abin da ya rage masa.